Faifai na biyu ya ƙi bayyana, mai gyara ya ce a yi fomatin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ciro faifan ajiya daga tsohuwar kwamfutar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na jona shi a tawa a matsayin na biyu. Hotunan iyali da takardun filaye duk suna ciki. Bai fito a This PC ba, wato wurin da Windows ke jera faya-fayan ajiya, wani lokacin kuma Windows kan ce sai an yi masa fomatin. Mai gyara ya ce in kawo ya yi fomatin ɗin, komai zai daidaita. In kai masa? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kada ka kai, kuma kada ka danna Format ko Initialize, komai nacin da Windows zai yi.

Fara da duba ko kwamfutar na ganin faifan. Kashe ta, zare wayar daga soket, ka tabbata wayoyi biyu sun zauna daram: siririyar SATA mai fil 7 da ta wuta mai fil 15. Mutane da yawa ɗaya suke jonawa su manta ɗayar. Sai ka kunna ta, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka nemi sunan faifan. In babu, canja waya, canja rami. Babban allon wasu kwamfutoci (motherboard) kan rufe ramin SATA ɗaya ko biyu idan akwai ƙaramin faifan ajiya irin M.2 a jiki.

In BIOS ya gan shi, buɗe Disk Management, sashen Windows da ke nuna halin kowane faifai. Sau tari harafi kawai ya rasa, ka ba shi E ko F, shi ke nan. In an rubuta Offline, mayar da shi Online. In Foreign ne, zaɓi Import Foreign Disks. In ka ga RAW ko Unallocated, wato Windows bai gane tsarinsa ba ko yana ganinsa fanko, a kan faifan da ka san cike yake, tsaya cak.

To, zancen fomatin. Wallahi wannan magana ta ishe ni. An mayar da fomatin maganin kowace cuta: kwamfuta na nauyi, fomatin, filas ya ƙi buɗewa, fomatin. Fomatin ba gyara ba ne. Windows yakan nemi a yi shi ne idan ya kasa karanta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, wataƙila don an ɗauke wuta ana tsakar rubutu, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, ko don faifan ya fito daga Linux ko Mac. Galibi fayilolin suna nan. Kamar ɗan kasuwa ne littafin lissafinsa ya jiƙe, sai wani ya ce a kwashe kayan shagon a zubar don a buɗe sabon littafi.

Mai gyaran zai ce ai ana dawo da su bayan fomatin. Wani lokaci, in na gaggawa aka yi kuma ba a rubuta komai a kai ba. Amma tun daga Windows Vista, cikakken fomatin sifili yake rubutawa a kan faifan gaba ɗaya, daga nan babu manhajar da za ta dawo da hoto ko ɗaya. Shi mai gyaran ya karɓi kuɗin aikinsa, faifan ya fito a This PC fes, kai kuma an bar ka da salati. Abin haushin ma, da yawansu ba sa tambayar mai kaya me ke ciki kafin su danna.

Abin yi: ka samo wani faifan mai isasshen wuri, a kwafe wannan ɗungurungum, a yi aiki a kan kwafin. Manhajar TestDisk kyauta ce, tana gyara jadawalin. PhotoRec kuma na tsamo hotuna da takardu, sai dai sunayensu kan ɓace. Duk abin da aka tsamo, kada a ajiye shi a kan faifan da ya fito. Ka jona UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, kafin ka fara, don aikin na cin awoyi.

In kuwa kana jin yana ƙas-ƙas ko ya ƙi juyawa, kashe shi, ciwon na inji ne. Kada a sa shi a firiza, kada a buga shi, kada wani ya kwance murfinsa a teburin shago, balle da ƙurar hunturu. Wannan sai masu ɗaki na musamman marar ƙura.

Turo min abin da Disk Management ya rubuta a gefen faifan da girman da ya nuna, sai mu san mataki na gaba.