Yadda muke dariya a Zangon Kumasi

Ɗana, ka ce ka kalli bidiyon wani taron suna a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, ka ga dattijo ya daɗe yana ba da labarin korar baƙi, mata na share hawaye, can kuma wuri ya kaure da dariya, har ka rasa ko ta'aziyya ake ko raha. Raha ce, irin tamu.

Ku a Kano kun saba da barkwancin nan take. Marigayi Ibro shigarsa kaɗai ta isa ta sa mutum ya riƙe ciki. Mu ma muna son wannan, faifansa sun sha kasuwa a nan. Amma mai ban dariyar da Zango ke girmamawa sai ya fara taɓa maka inda ke ciwo.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da jikokin fataken goro, waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar Salaga, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba. An sayar da gidaje a wulaƙance, an raba aure. Mai labari zai bi da kai duk wannan a hankali: kukan tsohuwa a tasha, maƙwabcinsu Batone, wato mutumin Asante, da ya rako su yana riƙe da buhun gari. Sai an yi tsit, sannan ya kawo mutumin da aka tambaya a bakin iyaka, "Ina ne garinku?" Ya ce Kano. "Wace unguwa?" Ya yi shiru, ya ce, "Kusa da masallaci." Da ya isa kuwa, ya buɗe baki da Hausarmu, yana kiran matarsa "shi", 'yan uwan nasa suka raɗa masa Ɗan Gana. Idan ka cire kukan tashar, wannan ba'a ce kawai, kuma ba za mu yi dariya ba.

Da Shagari ya kori 'yan Gana a 1983, labarin ya sami kashi na biyu: mutumin nan dai, an sake ɗora shi a mota, yana tambayar direba ko akwai ƙasar da ke tsakiya.

Wasan taubasai ma yana nan, har ya ƙaru. Bagobiri na tsokanar Bayarabe kamar a gida, ga kuma Dagombawa da Mosawa da nasu. Tonawa, masu tatsuniyar Ananse, wato Gizonsu, su ma gwanayen jan labari ne, na tabbata zama da su ya shafe mu.

Sai dai akwai ƙa'ida. Labarin kora, wanda gidansu aka kora shi ke ba da shi. In ka zo hutu, ka yi dariya iya son ranka, amma kada ka ce za ka maimaita shi a gaban tsofaffi.