Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙofar Mota Ke Ja Na Idan Na Sauko?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kusan duk lokacin da na sauko daga mota na kai hannu zan rufe ƙofa, sai in ji wuta ta ja ni a yatsa kamar an soka mini allura, da dare kuma har nakan ga ɗan tartsatsi. Abin ya fi tsanani a lokacin sanyi. Mai gyaran wutar mota ya duba batir da wayoyi, ya ce bai ga matsala ba, amma abin bai daina ba. Shin motar ce ke da lahani, kuma akwai haɗari a ciki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai gyaran ya faɗa miki gaskiya, domin batirin ƙaramar mota bolt 12 kawai yake bayarwa, kuma wannan ƙarfi bai isa ya ratsa busasshiyar fata har mutum ya ji an ja shi ba. Lantarkin da ke damun ki a jikinki yake taruwa, ƙofar kuwa hanya ce kawai da ya samu ya fita. Idan aka fahimci wannan, maganin ba shi da wuya.

Duk lokacin da abubuwa biyu mabambanta suka haɗu suka gogi juna, ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron sukan bar ɗayan su koma kan ɗayan. Haka ke faruwa tsakanin tufafinki da kujerar mota tsawon tafiya. Muddin kina zaune ba za ki ji komai ba, saboda cajin da ke kan tufafin da kishiyarsa da ke kan kujerar suna manne da juna, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Da zarar kin zame kin miƙe sai su rabu, ki tafi da naki kason a jiki, kuma a wannan ɗan lokaci ƙarfinsa na iya haura bolt 10,000. Idan takalminki mai ƙasan roba ne, cajin ba ya samun hanyar sauka ƙasa, sai ya jira har yatsanki ya kusanci ƙarfe, sannan ya tsallaka ta cikin iska gaba ɗaya. Busasshiyar iska tana buƙatar kimanin bolt 3,000 kafin tartsatsi ya tsallake tazarar milimita ɗaya, kuma a wajajen wannan adadi ne yawancin mutane ke fara jin zafin. Kada girman lambobin ya tayar miki da hankali, domin yawan cajin kansa ƙanƙani ne ƙwarai, kuma yana ƙarewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, shi ya sa yake firgita mutum ba tare da ya yi masa illa ba.

Kin lura daidai da kika ce abin ya fi yawa da sanyi. Idan akwai laima a iska, wani siririn danshi yakan kwanta a kan fata da tufafi, cajin ya riƙa tsiyayewa ta cikinsa a hankali. Idan laimar ta yi ƙasa da kashi 40 cikin 100, wannan hanya takan toshe. Na'urar sanyaya mota da ta ɗumama ta duk suna ƙara busar da iskar ciki.

Babban magani shi ne sauya tsarin saukowa. Ki buɗe ƙofa, ki kama wani sashe na ƙarfen motar tun kina zaune, kamar gefen ƙofar ko bakin rufin, sannan ki miƙe, kuma kada ki saki sai ƙafafunki biyu sun taka ƙasa kin rabu da kujerar ɗungurungum. Ta haka cajin yana bi ta hannunki ya koma jikin motar a daidai lokacin da yake samuwa, ba ya samun damar taruwa balle ya yi tartsatsi. Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne su miƙe tukuna sannan su nemi ƙarfe, alhali a lokacin aikin gama ya gama. Wasu kuma mariƙin ƙofa na ciki suke kamawa, wanda galibi roba ne, kuma roba ba ta wuce da lantarki. Idan fenti mai kauri ya rage amfanin dabarar, sai a nemi wurin da ƙarfe yake a fili. A dai kula da inda ake sa yatsu, musamman na yara, kada wani ya turo ƙofa ta datse su.

Idan kin riga kin sauko ba ki kama komai ba, ki riƙe makulli ta wajen ƙarfensa, ko zoben makullin, ki taɓa jikin motar da shi. Tartsatsin zai fita ta kan makullin, abin da ya ratsa hannunki kuma zai bazu a faɗin fata maimakon ya tattaru a kan yatsa, inda jijiyoyin ji suka fi yawa. Tura ƙofa ta gilashi yana kare mutum a wannan karon, sai dai cajin yana nan a jiki, kuma ƙarfen farko da aka taɓa bayan nan shi zai karɓe shi.

Tufafi ma suna da tasiri. Yadin nailan da na foliyesta da ulu sun fi tara caji, auduga kuwa tana riƙe danshi, don haka rigar kujera ta auduga da takalmi mai ƙasan fata da shafa mai a busasshiyar fata duk suna rage matsalar. Amma igiyar robar da ake ratayawa a bayan mota tana jan ƙasa, ban ga dalilin dogaro da ita ba. An yi ta ne don ta sauke cajin jikin mota, wanda tayoyi ma suna sauke shi saboda baƙin garin kabon da ke cikin robarsu, kuma ba ta taɓa cajin da ke jikin mutumin da ya tashi daga kujera.

Wurin da nake so ki ɗauki abin da muhimmanci shi ne gidan mai. Tururin fetur yana kamawa da tartsatsin da bai ma kai wanda ke sa mutum ya zabura ba. A Amurka, inda direbobi ke zuba mai da kansu, cibiyar Petroleum Equipment Institute ta tattara rahotannin gobarar da irin wannan caji ya haddasa, kuma da yawa daga cikinsu sun faru ne bayan direba ya koma ya zauna cikin mota ana tsaka da zuba mai, ya fito ya kama bututun kai tsaye. Saboda haka, wanda zai kusanci bakin tanki ya fara taɓa ƙarfen motar a wuri mai nisa da shi, kuma ya guji shiga da fita har a gama. Jarka a ƙasa ake ajiye ta kafin a cika ta, ba a cikin but ko a bayan akori-kura ba. Idan wuta ta tashi, kada a zare bututun daga tanki, domin zare shi yana watsa man da ke ci. A ja da baya a sanar da ma'aikata su kashe famfon.

Akwai kuma alamar da ke bambanta wannan da lahani na gaske. Cajin gogayya sau ɗaya yake ja, tau, ya wuce, idan aka sake taɓa ƙarfen ba a jin komai. Idan kuwa jan yana ci gaba muddin hannu na kan motar, musamman a mota mai aiki da lantarki, wadda batirinta ke kai ɗaruruwan bolt, ko wadda aka jona da caja, to a daina taɓa ta, a kashe wutar daga inda take fitowa, a kira ƙwararren mai gyara ya duba ta kafin a sake hawa.