Shin Tallafin Attajirai Don Kare Filaye Yana Amfanar Mutanen Karkara?

Tambaya: Malam, ina jin cewa wasu masu hannu da shuni suna ba da maƙudan kuɗi domin kare dazuzzuka da filaye. Shin manoma da makiyaya suna amfana, ko kuwa raba su ake yi da hanyar cin abincinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, amsar ta dogara ne ga yadda aka tsara tallafin. A shekarar 2020 attajirin Amurka Jeff Bezos ya yi alkawarin dala biliyan 10 domin kare muhalli, kuma a 2018 gidauniyar wasu attajiran Amurka, Douglas da Kristine Tompkins, ta miƙa wa gwamnatin ƙasar Chile da ke Kudancin Amurka kusan eka miliyan ɗaya da ta saya, aka mayar da ita gandun daji na ƙasa. Tun farko mazauna yankin sun yi zargin cewa baƙi na neman ƙwace musu ƙasa, kuma ba na ganin laifinsu, domin wanda aka hana shi kiwo a inda kakanninsa suka yi kiwo ba zai gamsu da alkawarin baki ba.

A ganina, tallafin da yake ɗorewa shi ne wanda yake ware kaso domin sana'ar mutanen wurin: a ɗauki 'ya'yansu aikin gadin daji, a ba mai kiwon zuma amya da kasuwar da zai sayar, a amince musu da haƙƙin mallakar filayensu a rubuce. Ya kamata kuma a zuba wani ɓangare na kuɗin a asusu na dindindin, domin albashin ma'aikata kada ya tsaya ranar da mai bayarwa ya janye hannunsa.