Rigar shiga teku ba babbar riga ba ce

Ka ce wani ya zo shago yana son mu yi masa odar gajeriyar rigar roba ta hawan igiyar ruwa, zai tafi Dakar, ka rasa wadda za ka zaɓa. To ajiye wayar nan ka saurara, yaro, don ku 'yan yanzu kunnenku na wurin maigida, idonku na kan TikTok.

Mai kaurin milimita 2 za ka nemo, gajeren hannu, ƙafa ta tsaya saman gwiwa. Ruwan Dakar yakan sauko wajen digiri 20 a watannin farkon shekara. Da Tarkwa Bay ta Legas zai je, inda ruwa ke haura digiri 26, sai in ce ya riƙe kuɗinsa. Awo kuwa, in har sai na koya maka riƙe tef, koma gida.

Abin da zai cuce ka shi ne yalwa. Wani ɗan masu hali a nan Katsina ya taɓa sa ni na sayo masa irinta da dalata, na biya kuɗin jirgi, na aika Kano aka ɗauko. Ya saka, ta zauna masa ɗas, babu aljihun iska a hammata ko a gadon baya. Sai ya ɓata fuska, wai an ɗaure shi. Na zaunar da shi na ce robar nan, niyofirin, cike take da ƙananan kumfan iska masu tsare ɗumi, ɗan ruwan da ya shiga kuma jiki ne ke ɗumama shi. In ta yi yalwa, duk igiyar da ta buge ka sai ta ɗura sabon ruwan sanyi ta wuya. Ya ce shi dai a ƙaro masa girma. Na sake biya.

Bayan ya dawo sai ga shi da ita a leda, wai bai taɓa sa ta ba, in karɓi kayana. Yashi cike da haƙoran zif, warin gishiri na tashi, kafaɗa ta tsattsage saboda shanya a rana, ga tambarin dutsen guga a ƙirji! Ya rantse, ya hana ni cikon kuɗina. Mahaifinsa ya turo a ba ni haƙuri. Haƙurin ne zai biya dala? Ta farkon ma tana nan a sito, wa zai saye ta a garin da ba teku? Wallahi har yau in na gan ta raina ɓaci yake.

Don haka karɓi kuɗinka cif kafin oda, mai sayen ya rubuta lambar girman da hannunsa. Ɗinkin shimfiɗe, wato na zare zalla, ya isa ruwa mai ɗan ɗumi, kada ka biya tsadar wadda aka liƙe ɗinkinta da gam. Zif na baya ya fi sauƙin sakawa ga sabon shiga. Ka gaya masa gaban shaida: ɗauraya da ruwan famfo, shanya a inuwa, ba guga.