Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke kwaikwayon Jackass

'Yar'uwa, sannu. Kin ce ɗanki ya maƙale wa bidiyoyin Jackass, shirin nan na Amurka da ake wasannin ganganci masu haɗari don ban dariya, har kin kama shi yana dirowa daga kan katanga abokai na ɗauka a waya, kina tambaya ko ki ƙwace wayar ko ki ƙyale shi tunda ƙuruciya ce. Don Allah kada ki ƙyale. Na ga inda abin nan yake kaiwa.

Nawa ɗan a baro suka saka shi suka tura a gangare, wai irin yadda su Johnny Knoxville, jagoran 'yan wasan shirin, ke shiga keken sayayya na kanti a hankaɗa su. Baron ya kife, wuyan hannunsa na hagu ya karye. Da aka kawo min shi ko kuka ba ya yi, haƙoransa ne ke kaɗawa, leɓensa ya yi fari fat, yana ta cewa "Mama kada ki gaya wa Abba." Amma abin da har yau yake ci min rai shi ne wanda ya riƙe wayar. Saurayi ne, ya girme su nesa ba kusa ba. Yaro na kwance a ƙasa, shi yana ƙyalƙyala dariya yana matso da kyamara kusa da hannun. Da kunnena na ji muryarsa, domin kafin mu dawo daga asibiti ya riga ya watsa bidiyon. Na je wurin mahaifiyarsa, budar bakinta sai ta ce ai wasan yara ne. Ko dubiya ba ta leƙo ba. Na bar su da Allah, amma dariyar nan ba ta fita daga kaina ba.

Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, zai kalla a ta aboki. Ki fara bincikar wa ke ɗaukar hoton, wa ke zuga su. Yawanci mai zugar ba ya taɓa hawa katangar.

Sannan ki zauna da shi ki nuna masa abin da ake ɓoye masa. Tun da tashar talabijin ta MTV ta fara nuna shirin a Amurka a 2000 ake wannan rigima. A farkon 2001 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Connecticut ya ƙone sosai wajen kwaikwayon wani wasan wuta, alhali Knoxville sanye yake da rigar da wuta ba ta ci lokacin da ya yi nasa. Har Sanata Joe Lieberman ya taso tashar a gaba. Su kansu masu shirin suna rubuta gargaɗi cewa kada a gwada, kuma ba sa ko buɗe bidiyon da masu kallo suka aiko. To gajerun bidiyoyin da yaranmu ke gani an yanke gargaɗin, an yanke jinyar, dariyar kawai aka bari. Arhar shirin ma ita ke ruɗarsu, suna ganin ƙaramar kyamara da abokai kawai ake buƙata.

Abin da ya fi girgiza ɗana shi ne labarin Knoxville a fim ɗinsu na 2022, inda bijimi ya ɗaga shi sama, ya samu zubar jini a ƙwaƙwalwa da karaya. Mutumin da ya shekara ashirin yana wannan sana'a ke nan, ga ma'aikatan lafiya tsaye a gefe.

Batsar da ƙazantar da ke cikin shirin kuma wata damuwa ce daban, na sha jin kalmomi a bakin ɗana da sai da na dafe ƙirji. Ki sa mahaifinsa a maganar, amma ba da duka ba, yaron da ke tsoron duka ɓoye ciwo yake yi. Ki nema masa inda zai ƙarar da ƙarfin nan, ko ƙwallo ko iyo, wurin da akwai babba mai lura. Nawa har yanzu hannun na masa tsami idan ya ɗauki abu mai nauyi. Allah Ya shirya mana su, ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi.