Na kashe Intel don NVIDIA ya yi aiki, sai wasan ya ƙara lalacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Wata bakwai na yi ina tara kuɗi kafin na sayi laftof ta hannu, Core i5, RAM 8GB, da katin hoto GTX 1650. Amma da na kunna GTA V sai ya riƙa tsinkewa, mota na tafiya tana tsayawa. Wani abokina ya ce kwamfutar da Intel take aiki, in shiga Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, in kashe shi, dole ta koma NVIDIA. Na yi hakan, yanzu hasken sikirin ba ya raguwa, wasan ma ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce katin ne ya mutu, sai an gasa shi da bindigar zafi. Don Allah cutata aka yi? Barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi barcinka, a cikin abin da ka faɗa ban ga alamar mataccen kati ba. Amma kada ka bar kwamfutar nan ta kwana a shagon mai gasawa.

Shawarar abokinka ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo mini kwamfutar da aka yi wa wannan aika-aika. Mutane sun ɗauka katunan hoton biyu, ƙaramin na Intel da ke cikin furosesa da babban na NVIDIA, wato GTX 1650 ɗinka, kishiyoyi ne, in an saki ɗaya sai ɗayar ta gaje ɗakin. Ba haka aka haɗa su ba. Tun 2010 da NVIDIA ta fito da tsarin Optimus, a yawancin irin waɗannan kwamfutoci wayar sikirin a jikin Intel take. NVIDIA ba shi da hanyar kansa zuwa idonka. Shi yake zana hoton wasan, ya miƙa wa Intel, Intel ya nuna maka. Kamar gidan sayar da abinci ne: mai girki tana can madafa, yaro ɗaya ne yake fito da kwano zuwa ga masu saye. Kai kuma ka ga yaron ne kullum a bakin ƙofa, ka ce ai shi ke dafa abincin, ka kore shi. To wa zai fito da tuwon?

Da ka kashe Intel, Windows ya koma kan direban wucin gadi na Microsoft (direba ita ce manhajar da ke sarrafa kati), wanda da ƙyar yake nuna hoto, aikin zanen kuma ya faɗo kan furosesa. Shi ya sa haske ya ƙi raguwa, wasan ya ƙi tashi. Wasu ma baƙin sikirin suke samu, su ruga kasuwa a ce musu bodi ya ƙone. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu bidiyon minti ɗaya da suke yaɗa wannan a TikTok da YouTube, alhali a kwamfutar tebur suka gwada, inda wayar sikirin take maƙale kai tsaye a jikin katin. Can ba abin da zai faru. Su sun samu masu kallo, kai ka samu hawan jini. Laftof ɗin da take iya sallamar Intel da gaske ita ce mai maɓallin MUX, mai haɗa sikirin kai tsaye da NVIDIA, wanda ake sauyawa a BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi) ko a manhajar kamfanin da ya ƙera ta, kuma masu arha yawanci ba su da shi. In babu wannan zaɓin a taka, to babu, kuma ba wata dabarar Device Manager da za ta ƙirƙiro wayar da ba a sa ba.

Ka koma Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, ka danna Enable device a kan Intel, ka kashe kwamfutar ka kunna. Ka duba NVIDIA a wurin. In ba alamar rawaya a jikinsa, ba Code 43, lambar da Windows ke nunawa in ya tsayar da na'ura saboda matsala, katinka yana da rai. Direban Intel ka ɗauko daga shafin kamfanin laftof ɗin, na NVIDIA daga shafin NVIDIA, ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi da dannawa ɗaya.

Hanyar tilasta wa wasa amfani da NVIDIA ita ce Settings, System, Display, Graphics, ka zaɓi wasan ka sa shi a High performance. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2020 wannan wurin ne yake da ta cewa, ya rinjayi abin da ka zaɓa a NVIDIA Control Panel. Ka lura da fayil ɗin da kake zaɓa: GTA5.exe ne ainihin wasan, PlayGTAV.exe mai buɗe ƙofa ne kawai. Kana cikin wasa ka leƙa Task Manager, inda Windows ke nuna aikin da kowane ɓangare yake yi, ka ga ko GPU 1, wanda yawanci shi ne NVIDIA, yana aiki. In ka ga Intel ma yana ɗan motsi kada ka tsorata, kwanon yake fitarwa.

Zargina mafi girma kuwa caja ce. Laftof mai GTX 1650 yawanci tana zuwa da caja ta wat 120 zuwa 150, amma masu sayar da na hannu sukan haɗa ka da duk wadda bakinta ya shiga. Juya bayan cajar ka ninka lambar da ke gefen V da ta gefen A a layin Output. In ka ga 19.5 da 3.33, wat 65 ke nan, kuma kwamfutar za ta rage wa kanta ƙarfi ko ta riƙa shan batir tana jone. A kan batir zalla kuwa, in an ɗauke wuta, manhajar NVIDIA takan tsayar da wasa a hoto 30 cikin daƙiƙa da gangan.

Sai zafi. Katin yana fara ja da baya in ya doshi digiri 87, kuma a bazararmu, a ɗakin kwano, kan katifa, ba ya daɗewa bai kai ba. In wasan yana tafiya lafiya minti goma sannan ya fara shaƙewa, a buɗe a share ƙurar hunturu daga fanka a sake man sanyaya da ake shafa wa furosesa da katin. RAM ɗinka ma in sanda ɗaya ce, ƙara ta biyu irinta zai rage tsinkewar sosai.

Gashin da mai gyara yake so ya yi ya samo asali ne daga katunan NVIDIA 8400M da 8600M na wajen 2008, waɗanda dalmarsu take tsagewa, in an hura musu zafi su farfaɗo na ɗan lokaci. Yau sai ka ga mutum bai buɗe Task Manager ba, bai kalli caja ba, ya ɗauko bindigar zafi ya ɗora wa lafiyayyen kati, ya narkar da abin da ke gefensa, sannan ya ce dama a mace aka kawo. Masu gyara, ku ji tsoron Allah, guminsa na wata bakwai yaron nan ya ajiye muku a kan tebur. Kai kuma ƙanena, ka kunna Intel, ka turo mini lambobin da ke bayan cajarka.