Amsa ga 'yar uwar da mahaifinta ke bayan gida baƙi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce Baba na fama da kansar hanta, yanzu bayan gidanai ya koma baƙi kamar kwalta, kina tambaya ko ciwon ya kai ga ciki. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, don kuwa haka na maigidana ya faro, Allah shi jiƙanai.

Don Allah kar ku jira safiya. Baƙin nan galibi jini ne ke zuba a ciki.

Mu wani mai kemis na unguwarmu ya ɓata muna lokaci. Bai ko duba takardun asibiti ba, ya ce gyambon ciki ne, ya dinga yi mai allurar diclofenac saboda ciwon gefen dama. Daga baya likita ya ce ita da ibuprofen da asfirin ƙara ɓarke jini suke. Daren da abin ya faru, bayan isha'i, maigidana ya ce in miƙo mai ruwa. Kafin in juyo ya cika roba da jini, guda-guda, tabarma ta jiƙe, idanunai sun juye. Yara na kuka, ni ina riƙe da kainai ina ta salati, ga unguwa ba wuta. Da ƙyar munka samu keke. Mutumen nan ko gaisuwa bai zo muna ba. Har yau in zan wuce shagonai kau da kai nake. Na bar shi da Allah.

A Asibitin Koyarwa na Danfodiyo anka ƙara mai jini, anka zura kyamara ta maƙoshi. Likita ya ce mafi yawan masu wanga ciwo, jijiyoyin maƙoshi ne ke kumbura su fashe saboda hanta ta taurare, kuma su ana iya ɗaure su. Na maigidana ƙarin ne da kansa ya ci bangon ciki, wanda ba a cika gani ba. To kar ki yanke hukunci sai sun leƙa.

Ki tara ƙannenki da za su ba da jini tun yanzu, neman jini da tsakar dare tashin hankali ne. A dakatar da jiƙe-jiƙe, ko wa ya kawo. In kin ga Baba ya fara surutai ko barci ya yi yawa, ba iskoki ba ne, hanta ce ta kasa tace guba, ki faɗa wa likita nan take.

Kuma ku duka gidan ku yi gwajin hepatitis B, har Inna. Wagga cuta ta hanta ce ta jawo muna. Wanda bai da ita a yi mai rigakafi, allura 3 ce, jariri kuma cikin awa 24 da haihuwa. Allah shi ba Baba sauƙi. Ki gaya muna abin da sunka ce in kun isa.